Abin da Tsofaffin 'Yan Reluwe Suke Tunawa da Zamanin Jirgin Kwal

Idan aka tambayi wanda ya shiga jirgin ƙasa a shekarun 1960 abin da yake tunawa, yawanci zai ambaci cunkoson tarago, da masu tallan rake da dafaffen ƙwai a tasha, da baƙin hayaƙin da yake ɓata farar riga tun kafin a yi nisa. Wanda ya yi aikin jirgin da hannunsa kuwa ba daga nan yake farawa ba. Na daɗe ina zama da tsofaffin ma'aikatan reluwe a Sabon Garin Zariya, waɗanda ƙaraminsu ya haura saba'in, kuma na lura cewa duk inda hirarsu ta faro, a kan ruwa da wuta take tsayawa. Ba kan jirgin suke kewa ba a matsayinsa na ƙarfe. Abin da yake ransu shi ne irin aikin da injin tururi yake tilasta wa mutane su yi tare, domin inji ne da ba ya iya tafiyar mil hamsin ba tare da hannun mutane da yawa ya taɓa shi ba, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya san cewa idan ya yi sakaci, jirgin zai tsaya a daji.

Zariya wuri ne da ya dace a ji wannan labari. Dogon da aka faro daga Baro a bakin kogin Kwara a 1907, zamanin Girouard, Gwamnan Arewa na Turawan mulkin mallaka, ya ratsa ta Minna da Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911, kuma da yawa daga cikin leburorin da suka haƙa ƙasa suka shimfiɗa shi aikin tilas ne ya kawo su ta hannun sarakuna da hakimai. A 1912 aka haɗe shi da dogon da ya taso daga Legas suka zama hukuma ɗaya. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin nan da ake kira Bauchi Light, wanda bai taɓa zuwa Bauci ba, sai dai ya bi ta Rahama ya hau Jos da Bukuru domin kwaso kuza, har aka rufe shi a 1957. Daga Zariya kuma aka ja layin Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka garin ya zama mahaɗa, mai babban loko inda ake kwantar da injuna, a wanke su, a hura musu wuta, kuma unguwanni sukutum suka rayu a kan albashin reluwe.

Wanda na fi samun bayani a wurinsa tsohon fayaman ne, wato mai zuba wa inji kwal, wanda daga baya ya zama direba. Yakan ce babu wanda yake shiga loko ya taɓa sitiyarin komai. Kilina ake fara ɗaukar yaro, a ba shi tsumma da mai, ya shekara yana goge ƙarafa, yana shiga ƙarƙashin inji a cikin rami, yana kwashe toka. A wannan gugar ce yake sanin sunan kowane ƙarfe da inda yake zubar da mai da inda yake tsagewa, domin wanda ya goge abu kullum shi ne yake fara ganin aibinsa. Sai bayan an gamsu da shi za a bar shi ya riƙe shebur a injin shantin, mai jera taragai a cikin tasha, sannan jirgin kaya, sannan jirgin fasinja. Daga nan ya zauna jarrabawar dokokin hanya da ta inji kafin a kira shi direba, kuma ko a direbancin ma sai ya sake bin matakan nan daga ƙasa. Mutum yakan kwashe shekaru goma ko fiye tsakanin tsumma da kujerar direba, kuma ban ji ɗaya daga cikinsu ya ce an ɓata masa lokaci ba.

Aikin shebur shi ne wanda na fi so in tsaya a kansa, domin mutanen waje sun ɗauka ƙarfi kawai yake bukata. Fayaman yana tsaye ne a kan farantin ƙarfe mai girgiza, tsakanin akwatin kwal da bakin wuta, ƙafa ɗaya a kafe, ɗaya tana juyawa. Zai ɗebo kwal, ya juya, ya wurga shi ta ƙofar da ba ta fi faɗin faifai ba, kuma ba ko'ina zai wurga ba. Dole ya san inda wutar ta yi rami, ya cike kusurwoyin baya da gefuna, ya watsa sauran a gaba, ya bar tsakiya ba kauri. Idan ya labta kwal da yawa, wutar za ta shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, tururi ya sauka. Idan ya bar rami, iska mai sanyi za ta shigo ta wurin ta sanyaya bututan tukunya. Tsohon ya ce da launin wuta ake karanta ta: idan ta yi fari tana ƙyalli har ido ba ya iya kallonta, to ta ƙoshi, kuma yakan juya bayan shebur a bakin ƙofa domin ya kare hasken ya hango inda ta yi duhu. Kuma ba lokacin da aka iso hawa ake gyara wuta ba. Tun mil biyu ko uku kafin hawan ake shirya ta, wanda yake nufin fayaman ya haddace hanya kamar yadda direba ya haddace ta, ya san kowane gangare da kowace kwana ko da cikin dare ne.

A lokaci guda idonsa yana kan gilashin ruwa, wani ɗan bututu da yake nuna inda ruwa ya tsaya a cikin tukunya. A saman akwatin wuta akwai toshe mai darma a ciki, wanda aka yi shi domin ya narke idan ruwa ya sauka ƙasa da kima, tururi ya feso cikin wutar ya yi gargaɗi kafin tukunya ta fashe. Narkar da wannan toshe shi ne babban abin kunya a aikin. Ana kafa kwamitin bincike, ana iya rage wa mutum girma, kuma abin da ya fi hukuncin ciwo shi ne labarin zai riga shi isa kowace loko daga Kafancan har Offa. Idan kuma ya cika ruwan fiye da kima, ruwa zai bi tururi ya shiga silinda, wato inda tururi yake tura ƙarfen da yake juya ƙafafun inji, wanda shi ma ɓarna ne. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, da ba su wuce tsawon tafin hannu ba a jikin gilashi, mutum yake kwana yana aiki.

Na taɓa ce masa, Baba, to da azumi fa? Ya ce a nan ne ake gane maza. Idan azumi ya faɗo a bazara, ga zafin Maris da Afrilu a hanyar Kano zuwa Nguru, ga wuta a gabanka, riga takan jiƙe ta bushe har gishiri ya fito a bayanta. Wasu sukan ɗauki rangwamen matafiyi su rama daga baya, wasu kuma sukan roƙi a sa su a jirgin dare, wasu su daure. Ya ce akwai direbobi Kiristoci, 'yan Kudu, da sukan karɓi shebur daga hannun fayaman mai azumi idan la'asar ta yi, su ce ya zauna ya huta, kuma doka ba ta ce su yi haka ba. Da hunturu kuwa wahalar takan juya: gabanka yana gasuwa, bayanka yana daskarewa, hazo ya rufe sigina har sai an zo dab da ita.

Ruwa shi ne ya tsara taswirar aikin gaba ɗaya. Injin tururi yana shan ruwa ninkin-ba-ninkin nauyin kwal ɗin da yake ci, saboda haka tilas a kafa tanki a tashoshi bi da bi, kowane tanki da mai famfonsa, da rijiyarsa ko madatsarsa, da gidan da zai zauna da iyalinsa. A Kudu wannan ba matsala ba ce sosai. A Arewa, musamman layin Nguru da aka buɗe a 1930 da na Ƙaura, rani yakan ƙafar da rijiyoyi, direba ya iso tasha yana lissafin abin da ya rage masa, mai famfo ya ɗaga masa hannu alamar babu. Wani tsohon gad, wato ma'aikacin da yake kula da taragai da fasinjoji a cikin tafiya, ya ba ni labarin yadda sukan cire kan jirgin, a ɗaure birkin taragai a bar su a tasha, inji ya tafi shi kaɗai ya sha ruwa a gaba ya dawo ya ja kayansa, fasinjoji kuwa suna zaune a inuwa suna jira. Ruwan ma ba duka ɗaya ba ne. Na wasu rijiyoyi yana da kanwa-kanwa, yana kumfa a tukunya, yana barin dattin da yake toshe bututu, shi ya sa ake da ranar wanke tukunya, a kashe wuta, a bar inji ya huce, a buɗe shi a fesa ruwa, sannan a sake hura wutar a hankali na sa'o'i da yawa domin kada ƙarfe ya tsage.

Inda jirgi yake tsayawa shan ruwa, nan kasuwa take tashi. Minti goma sha biyar ɗin da ake ɗauka ana cika tanki ana gyara wuta sun ishi mai tuwo da mai fura da mai tsire su yi cinikin yini. Mata sukan zo da bokiti su roƙi ruwan zafi a wurin direba, yara su tsinci ragowar kwal a inda aka zubar da toka a kai gida a yi girki. Garuruwa irin su Malam Madori da Kafancan dogo ne ya raya su, kuma Kafancan musamman, tun da ta zama mahaɗar layin Gabas da na Jos a 1927, ta tara ƙabilun Nijeriya kusan duka a kwatas ɗin reluwe. Mutanen ƙauyukan da suke bakin hanya da jiniyar jirgi suke sanin lokaci, kuma tsofaffin sun ce kowane direba da irin busarsa, har matarsa takan gane shi ne ya iso tun yana bayan gari ta ɗora ruwan wanka.

Kwal kuwa daga wuri ɗaya yake fitowa. An gano shi a Udi, kusa da Inugu, a 1909, aka ja dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 domin fitar da shi, kuma reluwe ce babbar mai sayensa. Duk shebur ɗin da fayaman ya wurga a Gusau ko a Nguru, wani ne ya haƙo shi a ƙarƙashin ƙasa a Inugu, aka ɗora a tarago ya haye Binuwai a Makurɗi, da farko a kan jirgin fito, daga 1932 kuma a kan gada, ya bi ta Kafancan da Kaduna ya iso. Wannan ya sa 'yan loko na Arewa suke jin labarin mahaƙan Inugu kamar na danginsu. Harbin da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi a mahaƙar Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, inda aka kashe mahaƙa 21, tsofaffin nan ba su kama aiki ba a lokacin, amma sun ji shi daga bakin iyayen gidansu a loko, tare da labarin yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi fice a cikinsa, aka shafe fiye da kwana 40 ana neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Sun ce abin da manyansu suka fi nanatawa shi ne shirun da ya sauka a kan Sabon Gari da aka kashe wutar injuna, domin mutanen da aka haifa a wurin ba su taɓa kwana ba tare da ƙarar shantin ba. Game da kwal ɗin kansa ra'ayinsu ɗaya ne: yana kamawa da wuri, amma yana da saurin marmashewa, yana watsa tartsatsi, kuma da kaka tartsatsin yakan tayar da gobara a ciyawar gefen hanya, abin da ya sha haɗa reluwe rigima da manoma.

Idan aka zo maganar injuna, sunan da yake fara fitowa shi ne na jerin da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948. Lokacin da suka iso, gyaɗa ta taru a Kano ta yi dala-dala, kuma dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta a yau, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne ƙarancin injuna da taragai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Ba gyaɗar ƙasar Kano kaɗai ba ce, har da ta Damagaram da Maraɗi da take shigowa ta bi dogo zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. Ga auduga daga Funtuwa da Gusau, ga fatu da ƙiraga, ga shanu da ake lodawa zuwa Kudu, sannan taragai su dawo da goro da gishiri da kananzir da atamfa. Tsakanin Legas da Kano mil 700 ne, kuma babu inji ɗaya ko direba ɗaya da yake yin tafiyar duka. Kowa da yankinsa, ya kai jirgi loko ta gaba, ya miƙa, ya kwana a ɗakin hutun ma'aikata, washegari ya jawo wani ya dawo gida.

Hanyar da suka fi girmamawa ita ce hawan Filato daga Kafancan ta Kagoro zuwa Jos. Da damina dogo yakan yi santsi, ƙafafun inji su riƙa juyawa a wuri ɗaya, kuma duk juyin banza yana yage wutar da fayaman ya sha wahalar shiryawa. Akwai akwatin yashi a kan inji da yake zuba wa dogo ta bututu, amma idan yashin ya jiƙe ba ya sauka, sai mutum ya sauko ya riƙa tafiya a gaban jirgi yana barbaɗawa da hannu. Direban kirki, a faɗarsu, shi ne mai tausayin fayaman ɗinsa, wanda ba ya buɗe tururi fiye da bukata, kuma da jin numfashin bututun hayaƙi kaɗai tsohon ma'aikaci yakan faɗi ko wane ne yake tuƙi.

Ba 'yan kan inji kaɗai suke zama a majalisar ba, kuma sauran ba sa yarda a manta da su. Akwai wanda aikinsa shi ne bin taragai da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu, domin lafiyayyar ƙafa tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Akwai leburan dogo da yake tafiya a ƙasa kowace safiya yana duba kusoshi a yankinsa. Akwai yaron da ake aikawa da keke cikin dare ya ƙwanƙwasa ƙofar direba da ta fayaman, ya tsaya har sai sun sa hannu a littafi cewa an tashe su. Akwai tashamasta, wanda a layi guda ɗaya tilo rayukan mutane suke hannunsa, domin ba a barin jirgi ya shiga tsakanin tasha biyu sai direba ya karɓi sandar izini, kuma na'urar ba ta sakin sanda ta biyu sai an mayar da ta farko. A ganina wannan tsari ne ya sa tsofaffin 'yan reluwe suka fita daban a unguwa wajen kiyaye lokaci da cika alkawari, har yau kuwa idan aka sa ɗaurin aure ƙarfe biyu, su ne suke fara isowa.

Akwai wurin da hirar takan yi nauyi. Yawancin direbobi da makanikai da akawuna a tashoshin Arewa 'yan Kudu ne, da yawansu Ibo, kuma kashe-kashen 1966 sun sa waɗanda suka tsira sun bar gidajensu sun koma Gabas. Tsofaffin nan suna ambaton iyayen gidansu da suka koya musu aiki, waɗanda ba su sake gani ba, kuma ba sa ambatonsu da wasa. Wasu sun samu ƙarin girma cikin gaggawa a lokacin saboda babu masu tuƙi, kuma wanda ya ba ni labarin ya ce bai taɓa jin daɗin tuna yadda ya hau kujerar ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, kwal ɗin Inugu ya yanke, aka koma neman na Okaba, a jihar Kogi ta yau, kuma ƙarshen injin tururi ya matso kusa.

Dizal dai ya riga ya shigo tun 1955, shekarar da reluwe ta tashi daga sashen gwamnati ta zama hukuma mai cin gashin kanta, lokacin da aka kawo injunan farko daga kamfanin English Electric. Dalilin a fili yake: ba ya neman tanki a kowace tasha, ba ya neman a jawo masa kwal daga ɗaya ƙarshen ƙasa, kuma ana tayar da shi cikin mintoci. A cikin shekarun 1970 injunan tururi suka riƙa raguwa har suka ƙare, aka jera su a bayan loko ciyawa ta rufe su, daga baya aka yanka mafi yawansu aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Abin da ya fi damuna a nan shi ne ƙasar da ta yi shekaru fiye da 70 tana tafiya a kan waɗannan injuna ba ta ajiye musu wurin kirki ba, in ban da ɗan abin da aka tattara a gidan tarihin reluwe na Ebute Metta a Legas da ɗan ƙaramin injin da aka kafe a Minna.

Su kansu tsofaffin ba bakinsu ɗaya ba a kan canjin. Gad ɗin yana ganin ranar da aka daina shan ruwa a ƙananan tashoshi ita ce ranar da kasuwanninsu suka fara mutuwa, tun kafin tirela ta ƙwace kaya daga hannun dogo. Fayaman ɗin kuwa ya ce duk wanda yake yabon shebur bai riƙe shi ba ne, ga ciwon baya, ga idon da wuta ta cinye, ga tarin da ƙurar kwal ta bar wa abokansa, kuma ranar da ya fara zama a ɗakin dizal da farar riga ya gode wa Allah. Abin da ya ce ya ɓata shi ne hanyar koyo. Injin tururi kusan komai nasa ana iya ƙera shi ko a gyara shi a Ebute Metta ko Inugu ko a loko da hannun 'yan ƙasa, dizal kuwa idan wani ƙaramin abu ya lalace sai a jira shi daga waje, inji ya yi watanni a ajiye, a riƙa cire kayan wannan ana sa wa wancan har duka biyun su mutu. Ko 'yan Indiyan da aka ba riƙon hukumar daga 1979 zuwa 1982 sun gyara tafiyar jirage na ɗan lokaci ne, da suka tafi abin ya koma.

Wasu daga cikinsu sun shiga sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, 'ya'yansu suka kai su tashar Rigasa a Kaduna. Sun yaba faɗin dogon da rashin girgiza, kuma sun yi mamakin saurin. Amma tambayoyin da suka dawo da su irin na masu aiki ne. Suna son su san inda ake kwance injin idan ya lalace, da wanda yake kwance shi, da ko akwai yara 'yan ƙasa da suke tsaye kusa da shi suna miƙa masa sifana, da kuma shekara nawa ake ɗauka yanzu kafin a damƙa wa mutum jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan rayuka.